Shekara uku ina karatun akanta a Malesiya, ga abin da na gani

Tun da na dawo Birnin Kebbi kusan kullum sai wani ya tare ni, ko a masallaci ko wurin ɗaurin aure, wai ƙanensa ko ɗansa na son fita waje karatun akanta, ya na ga abin. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, don ni na yi, kuɗin mahaifina suka tafi a ciki, ba labari aka ba ni ba.

Na tafi ƙarshen 2022 bayan na gama ND, wata jami'a mai zaman kanta kusa da Kuwala Lumfur, digirin shekara uku kan lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa. Ta hannun wani ejan na samu gurbin, kuma a nan matsala ta farko take. Ya ce mana ina gama digirin nan na zama cikakken akanta da duniya ta yarda da shi, ko'ina na je aiki na jira na. Baba ya ji haka ya ce bismillah. Ba haka abin yake ba wallahi. Abin da digirin ya ba ni shi ne an yafe min jarrabawa 9 cikin 13 na ACCA, wato ƙungiyar akantocin nan ta Ingila, kuma ko yafewar ba kyauta ba ce, kowace takarda sai ka biya kuɗinta da fam. Saura 4 manya suna nan suna jirana, ga darasin ɗa'ar aiki, ga wata 36 na aiki a hannun wanda ya ƙware kafin su kira ka mamba. Babu wanda ya faɗa mana wannan a gida, sai da na shiga aji na ji daga bakin 'yan shekara ta biyu. Ranar ban yi barci ba saboda tunanin yadda zan yi wa Baba bayani.

Amma karatun kansa, gaskiya ban da abin cewa sai alhamdulillah. Kashin bayan kwas ɗin shi ne IFRS, ƙa'idojin rubuta rahoton kuɗi da hukumar IASB da ke Landan take fitarwa, ƙasashe sama da 140 na aiki da su, Najeriya ma ta fara da manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari tun 2012, shekarar da Malesiya ta daidaita nata da su. Don haka abin da ka koya can ba baƙo ba ne a nan. Yadda suke koyarwa ne ya bambanta, ba hadda ba ce, lakcara zai turo maka rahoton shekara na wani kamfani na gaske shafi ɗari biyu da wani abu ya ce ka nemo inda suka sa kuɗin hayar gine-ginensu ka faɗi ko sun bi IFRS 16, wato ƙa'idar haya, ku huɗu a rukuni, ni da ɗan Indonesiya da 'yar China da wani ɗan Yaman, kowa da irin Turancinsa, haka za ku kwana kan Excel har ku gane.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne IAS 41, na harkar noma. Su can misalinsu kullum gonar kwakwar manja ce, ni kuma ina zaune ina tuna fadamar Argungu da shanun kawuna. A ƙa'idar nan dabba mai rai kadara ce da ake kimantawa da farashin kasuwa na ranar rufe littafi, a cire kuɗin da za a kashe wurin sayarwa, saniya ta haihu an samu ƙari sai a rubuta, farashi ya faɗi a rubuta asara ko ba a sayar ba. Baba ya fi shekara talatin yana harkar shinkafa, sayen shanshera, kai wa masu casa, ajiya a sito, duk lissafinsa a ka yake da wani ɗan littafi da yaron shago ke rubutawa. Hutun da na zo na zauna na jera masa kayan sito bisa tsarin wanda ya fara shiga shi ke fara fita, muka ware bashin da ke hannun mutane wanda shi kansa ya san ba zai dawo ba, sai ga shi ribar da yake zato ba ta kai haka ba. Ya yi shiru ya ce, "Ashe wanga karatu na da amfani." Wannan maganar ta fi min satifiket ɗin daɗi.

Sai kuma ɓangaren kuɗin Musulunci, wanda shi ne dalilin da zan ce Malesiya ta fi wasu wurare ga ɗan Arewa. Murabaha (sayar da kaya da ribar da aka bayyana), ijara (haya), sukuk (takardun zuba jari na Musulunci), yadda ake rubuta su a littafi, da inda ƙa'idojin AAOIFI, hukumar lissafin bankunan Musulunci da ke Bahrain, suka saɓa da IFRS. Can abin ya zauna da gindinsa, mu kuwa bankin Musulunci na Jaiz ya fara 2012, sukuk na farko na gwamnatin tarayya 2017 na naira biliyan 100, fili ne da har yanzu ke neman masu hannu.

Yanzu maganar kuɗi, a nan ne na sha wuya. Lokacin da na tafi dala a banki ba ta kai naira 500 ba, kuma ana biyan kuɗin makaranta ta Form A, takardar neman dala a farashin banki, duk da jiran da ake sha. Yuni 2023 aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke farashinta, kafin Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Makaranta ba ta ƙara ko ringgit ɗaya ba amma a naira kuɗin zango ya ninka kusan sau uku. A zangon nan muke karanta IAS 21, darasin canjin kuɗin waje, ina rubuta asarar canji a takardar jarrabawa Baba kuma yana ɗaukarta da gaske a gida, sai da ya sayar da fili ɗaya a bayan gari da ya ajiye don auren ƙannena mata. Bai taɓa faɗa min ba, Inna ce ta faɗa min bayan na dawo. Abokaina biyu 'yan Gusau haka suka tattara suka koma ba su gama ba, ɗaya saura masa shekara ɗaya kacal, har yau abin na damuna.

Kuma kar wanda ya ce maka za ka yi aiki ka riƙe kanka. Dokarsu awa 20 a sati ne, shi ma sai lokacin hutu, a wasu 'yan wurare kamar gidan abinci da otal, kuma sai da izini. Biza duk shekara ake sabuntawa, suna duba halartar aji kashi 80 cikin ɗari da sakamakonka, ka yi wasa su ƙi sabunta maka. Ofishin ɗaliban waje na makarantarmu sun taɓa riƙe fasfo ɗina kusan wata biyu wurin sabuntawa, kakata ta rasu a lokacin ban samu zuwa ba.

Zaman garin ba laifi. Abinci halal ko'ina, wurin sallah a kowane bene har cikin kasuwa, shinkafa safe da dare wadda ɗan Kabi ba zai yi kuka da ita ba, sai dai zafinsu mai gumi ne ba irin namu ba, ga ruwan sama kusan kullum. Suna gabanmu da awa 7, in na kira gida bayan isha'insu ni asuba ta kusa.

Inda kwas ɗin ya bar ni a baya shi ne haraji da dokar kamfani. Na Malesiya aka koya mana, harajin kamfani kashi 24 da SST ɗinsu, wato harajin kaya da hidima. Na dawo wani ɗan kasuwa a Jega ya ce in duba masa maganar VAT na kashi 7.5 da takardun CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sai da na koma wurin wani abokina da ya yi karatunsa nan gida ya kuma bi ICAN, ƙungiyar akantoci ta Najeriya, shi ya zaunar da ni ya koya min. Ga kuma sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025, kowa sabon ɗalibi ne. In aikin gwamnatin jiha kake so kuma IPSAS, ƙa'idojin lissafin gwamnati, suke amfani da shi, mu sati biyu kawai muka taɓa shi. Sa hannu a rahoton kuɗin kamfani a Najeriya sai da rajistar FRC, hukumar da ke kula da rahoton kuɗi, hanyarta kuma ta ƙungiyar akantoci ce irin ICAN ko ANAN. Kafin NYSC ma sai da na kai takarduna ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja aka tantance.

In maki zan ba shi, koyarwa 9 cikin 10, abin da ejan ya sayar mana 3. Wanda ya samu sikolashif cikakke ko gidansu na da hanyar samun dala, ya tafi, zai ƙaru sosai. Wanda kuma sai an sayar da gona ko shanu, ni dai ba zan ba shi shawara ba, ACCA ɗin nan ana rubuta ta daga Najeriya, IFRS ɗin da ke littafin can shi ne a na nan. Ƙanena ya gama sakandare bana yana ta maganar shi ma waje zai tafi, na ce masa ya nemi jami'a a gida ya fara ATS, jarrabawar matakin farko ta ICAN, tun yana aji ɗaya, ni zan riƙa zama da shi da littattafan da na dawo da su. Ni kuma na yi rajistar SBR, jarrabawar rahoton kuɗi, ta farko cikin huɗun ACCA da suka rage, Disamba in Allah ya kai mu.