Tukunyar zubi daga Kasuwar Dole: wata huɗu ina miya da ita

Ranar da na yanke shawarar sayen tukunyar nan, miyar taushe ce ta kama min. Muna da baƙi daga Mirya, na ɗora miya a tsohuwar tukunyata mai siririn gindi a kan gas, na fita tsakar gida ina kwashe tuwo. Ban yi minti 10 ba ƙauri ya cika gidan. Na ɗauki ludayi zan motsa, surukata ta riƙe min hannu: "A'a 'yar nan, kada ki taɓa gindin. Sauke ta." Na ce, "Inna, ai ta lalace." Ta ce in kawo roba da ruwan sanyi.

Ta tsoma gindin tukunyar a ruwan don zafin ya daina ci, sannan ta kwashe miyar sama a hankali da ludayi zuwa wata tukunya, ta bar ƙanzon inda yake. Da na kankare shi, da ɗacin ya bi miyar duka. Ta yanka albasa ɗaya, ta ƙara cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa da ɗan ruwa, ta mayar kan wuta ƙasa-ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi da ƙanzo, amma baƙi sun ci har sun nemi ƙari. Ni dai na ɗan ji ƙaurin can ƙasan harshe.

Ranar Alhamis na shiga Kasuwar Dole na sayo ta zubi, irin wadda maƙera ke narka alminiyam su zuba, mai ɗaukar tuwon tiya guda. Jika shida, wato sefa dubu shida, na biya bayan ciniki.

Kaurin gindinta shi ne duk amfaninta. Wutar gas wuri ɗaya take dukan tukunya, ba kamar ta itace da ke lasar gefe da gefe ba, kuma tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gidaje da yawa a nan Damagaram sun koma gas da tukwanensu na da. Siririya tana ƙona tsakiya alhali gefe bai tafasa ba. Wannan kuwa tana baza zafin ko'ina. Miyar gyaɗa da taushe, waɗanda kaurinsu ke sa su kwanta a ƙasa, sau ɗaya kawai suka kama min a wata huɗu, shi ma na je buɗe wa mai ruwa ƙofa ne na tsaya magana. Ko a ranar ƙanzon bai yi baƙi ba, ja ya yi, na juye kamar yadda Inna ta koya min, babu wanda ya gane.

Tana da nata aibin. Nauyi gare ta, kunnuwanta suna zafi sai da tsumma, murfin kuma bai zauna daidai ba, tururi na fita ta gefe. Sannan tana riƙe zafi: ko an kashe wuta miya na ci gaba da dahuwa, don haka in an ji ƙauri sai a juye nan take. Sabuwarta tana sakin baƙi-baƙi; sai da na tafasa ruwa a ciki sau biyu na zubar kafin na yarda na yi girki. Miya mai tsami irin ta yakuwa ko mai tumatir da yawa ba na barin ta kwana a ciki, tsami yana cin alminiyam. Kanwa ma tana dusashe ta.

Wanki ba wahala. In ta kama, na jiƙa ta da ruwan zafi, in ya huce na goge da toka da soso.

Mai girki da gawayi ko itace za ta iya haƙuri da wadda take da ita. Mai gas kuwa, musamman mai yawan miyar gyaɗa, ina ba ta shawara ta saya, ta ƙwanƙwasa gindin da yatsa a gaban mai sayarwa, ta ɗaga ta wajen haske ta duba ko akwai ƙananan huji. Ni zan koma in ɗauko ƙarama saboda miyar dare.