Injin tatsar nonon nan mai caji da ake zurawa cikin rigar mama, ga abin da na gani

Masu ta tambayata ko injin tatsar nonon nan yana da kyau, wanda ake zura shi cikin rigar mama ba igiya ba komai, to ga amsa gaba ɗaya don na gaji da tura murya ɗaya bayan ɗaya. Ba zan kama sunan wadda na saya a wurinta ba, duk macen da ke yawo a Instagram a Legas ɗin nan ta san masu tallarsa, kuɗinsa ma kun sani ba na wasa ba ne, ga kuɗin ɗan delibari daban tun daga Lekki har Agege.

Tun ina da ciki na saye shi, saboda ni ban je wankan gida ba duk da haihuwar fari ce, likita ya hana ni doguwar tafiya zuwa Katsina da tsohon ciki, sai Gwaggona ce ta zo ta zauna da ni. A hoton tallar an nuna wasu ƙananan robobi da ake sawa a bakin mazurarin, wato wurin da kan nono ke shiga, don a rage masa faɗi, lamba 17 da 19 da 21, amma da na buɗe kwalina babu ko ɗaya, mazurari mai lamba 24 ne kawai. Na yi wa mai sayarwar magana ta ce ai wannan shi ne na kowa, babu macen da ba ya yi wa daidai.

Da na haihu, kwanakin farko dakashi ne kawai ke zuwa kaɗan-kaɗan, kuma nas-nas sun ja mana kunne tun a asibiti cewa kada a kuskura a matse shi a zubar, shi ne kariyar farko ta jariri kuma cikin jariri ɗan mitsitsi ne ɗan abin ya ishe shi. Matsalata lokacin kan nono ce, ya tsattsage, duk sanda yarinyar ta kama sai na cije leɓe ina buga ƙafa a ƙasa, kuma jariri sabon haihuwa sau 8 zuwa 12 yake sha a yini da dare, ku lissafa. Gwaggo dai haƙuri take ba ni, wai kowace uwa da haka ta fara, kan zai saba.

Kafin ranar suna ruwan nono ya sauko min gaba ɗaya cikin dare. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, fatar har sheƙi take, ciwon har cikin hammata, yarinya ta kasa kamawa sam don babu inda ya yi laushi bakinta sai zamewa yake, tana ihu ina kuka, ga shi an ɗauke wuta ga jen ɗin gidanmu sha biyu ake kashe shi, ga zafi. Na ce to alhamdulillahi ai don irin wannan ranar na kashe kuɗina. Maigida ya haska min fitilar waya na haɗa injin na kunna shi a lambar ƙarfin zuƙa mafi ƙasa. Wayyo 'yan uwa. Mazurarin ya yi min faɗi, sai ya riƙa zuƙe kan nonon haɗe da baƙin da ke kewaye da shi gaba ɗaya yana ja yana saki yana ja yana saki, tsagar da ke wurin ta ƙara buɗewa, na duba kofin ɗan abin da ya taru bai kai cokali biyu ba kuma ja-ja ne saboda jini. Lambar ƙasan tasa ma ƙarfi gare ta, ban san wace mace aka gwada shi a jikinta ba. Ina cikin daurewa ina cewa bari dai ya rage min nauyin, sai ya yi wata 'yar ƙara ya mutu. Injin da aka yi wa caji ya cika tun da rana fa, wanda aka rubuta a talla wai zai yi tatsa da yawa kafin ya nemi wuta. Maigida ya ɗauko pawa bank muka jona, ashe ba ya aiki idan yana kan caji, wannan kuma babu wanda ya rubuta shi ko'ina. Na cire shi na yi jifa da shi kan gado, da a ce mai sayarwar tana kusa a daren nan wallahi da mun kwashi 'yan kallo.

Wadda Allah ya kawo ta cece ni maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa Bayarabiya tsohuwar nas, duk gidan Mama muke ce mata, kukan yarinyar ne ya tashe ta ta ƙwanƙwasa mana. Ta wanke hannu ta jera yatsunta kewaye da gindin kan nonon ta danna ciki a hankali ta riƙe kusan minti guda, wurin ya ɗan yi laushi, sannan ta nuna min tatsa da hannu, babban yatsa a sama manuni a ƙasa, a tura baya wajen ƙirji sannan a matse a saki, ba jan kan nono ake ba. Kaɗan kawai ta bari na tatsa. Sai ta ɗauki yarinyar ta manna cikinta da nawa, hancinta daidai kan nonon, ta ce kada in ba ta sai ta wage baki sosai, tana wagewa ta turo ta, haɓarta ta nutse a jikin nonon leɓen ƙasa ya juyo waje. Tun da na haihu ban taɓa ba da nono ban cije leɓe ba sai ranar. Akwai zafi a farkon kamun amma ya wuce. Mama ta ce duk kwanakin nan tsinin kawai yarinyar ke dadaƙa shi ya sa ya fashe, kuma idan kamun bai yi ba in zura ƙaramin yatsa ta gefen bakinta in cire ta a sake, kada in fizge. Ɗan jinin ma ta ce ba ya cutar da jariri.

Abin dariya kuma, yanzu ne nake dariyar, Gwaggo ta riga ta ɗora ruwa a kan gas za ta gasa min nonon da tawul ta murza shi da ƙarfi yadda aka yi musu, Mama ta ce sam, murza da ƙarfi ƙara kumburi yake, tsumma mai sanyi za a ɗora bayan an gama shayarwa. Ɗaya na Hausa ɗaya na broka, ni mai ciwon ni ce kuma tafinta da tsakar dare. Gwaggo ta ce to ai shi ke nan, 'ya'ya tara ta shayar ba ta taɓa jin sanyi a jikin mai jego ba, ta koma ta kwanta. Da safe dai ita ta fara kai wa Mama kunun gyaɗa.

Mama ta ɗauki injin ta jujjuya ta kalle ni ta ce roba mai lamba 19 ce tawa, kuma ko da ya yi daidai kada in riƙa kwashe nonon tas da inji a irin wannan lokacin don jiki zai ɗauka ana buƙatar ƙari ya ƙaro. Ta kuma ce duk ranar da na ga gefe ɗaya ya yi ja ya ɗau zafi ga zazzaɓi da rawar sanyi, asibiti zan nufa ba kemis ba, kuma kada in daina ba yarinyar wannan ɓangaren.

Gari na wayewa na tura wa mai sayarwar hoton kofin da jinin. Ta buɗe ta gani ta yi shiru sai bayan la'asar ta turo min sannu da hoton zuciya, wai ƙananan robobin daban ake sayar da su in turo kuɗi da na delibari, batun batir kuma wai tunda an buɗe kwali an yi amfani da shi ba a canzawa. To da a cikin kwalin zan gwada shi? Maigida ne ya samo min robobin a wani shagon kayan jarirai a Ikeja, da kuɗin da bai kai nata ba.

Tsakani da Allah kuma, bayan kan nonon ya warke injin ya yi min amfani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Warkewar ma ba wani abu mai tsada ba ne, gyaran kamu ne, sai in shafa ruwan nonon a kai in bar shi ya sha iska, sai man lanolin da ba sai an goge ba kafin a ba yaro. Da na sa lamba 19 sai tatsar ta zama wani abu daban, babu zafi, ruwa yana zuba sosai, ƙararsa kaɗan ce yarinya na barci a gefena ba ta farkawa, ina ninke kaya yana aikinsa a cikin riga. Wankinsa ma ba wuya. Ranar da fita ta kama ni sai in tatsa in bar wa Gwaggo ta ba ta da ƙaramin kofi, nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki, a firij kwana 4, duk da firij ɗin Agege da wannan wutar tamu ni ban yarda da shi har kwana 4 ba. Ina so in yi shayarwa zalla ta wata 6 ba ruwa ba komai, kuma makarantar kuɗi nake koyarwa, mu ba ma'aikatan gwamnatin jihar Legas ba ne da aka ba su hutun haihuwa na wata 6 tun 2014, dole in koma aiki da wuri, don haka inji irin wannan ya zame min dole. Har na ji zuciyata ta sauko na tura wa mai sayarwar saƙo na ce Hajiya injin yanzu kam yana yi, na gode, amma don Allah ki riƙa sa wa mutane ƙananan robobin a ciki kuma ki duba batun batir ɗin don ni na sha wuya.

Amma ina rubuta wannan ma raina ƙara ɓaci yake. Batir ɗin har gobe bai gyaru ba, tatsa biyu ya mutu. Idan kika sunkuya da shi a jikinki, ko da ɗaukar yaro ne daga kan gado, ta hujin sama nonon yake zubowa cikin riga, wadda ta san wahalar tara wannan ruwan ita kaɗai za ta gane takaicin. 'Yar robar cikin nan mai bakin agwagwa, wadda idan ta saki injin ya daina zuƙa gaba ɗaya, ba ta daɗe ba ta yage, na nemi wata a wurin mai sayarwar ta ce sai kaya sun iso, har yau suna kan hanya. Wai kuma abin da ake tallarsa da cewa maganin kumburin nono da ciwon shayarwa ne, alhali a makon farko ni ƙara min ciwo ya yi, mai sabon jego da kan nononta ya tsage ko kyauta aka ba ta ban ce ta ɗora shi ba, ta nemi wadda za ta duba mata kamun yaro tukuna, ko a asibitin da ta haihu ko wurin rigakafi. Mai shirin komawa aiki kuma za ta iya saye, amma ta auna kan nononta ta san lambarta, ta sa a buɗe kwalin a nuna mata robobin a bidiyo kafin ta tura ko sisi.

Saƙon godiyar nan kuwa da na tura wa mai sayarwar, wata ƙawata a Idi-Araba ce ta turo min hotonsa, ashe ta ɗora shi a shafinta cikin shaidar kwastomomi, ta yanke daga kan na gode ta watsar da sauran. Na ce ta cire ta ce to, har yanzu yana nan. Don haka idan kun ci karo da wani saƙo mai cewa Hajiya injin yanzu kam yana yi, nawa ne, kuma rabinsa kuka gani.