Mai iyo ko mai ɗaukar kaya: wace mota ta dace da gonar fadama a Gombe?

A ƙarshen damina Baffana ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, ya miƙo min waya ya ce, "Ɗana, duba min wannan abin." Bidiyon wata 'yar mota ce mai taya takwas, ba ƙofa ba rufi, ta ratso ciyawa ta gangara tafki ta ci gaba da tafiya a kan ruwa kamar agwagwa. Gonar shinkafarsa tana gefen kogin Gongola, ƙasa da madatsar Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kuma duk shekara idan Agusta ta kama akwai wani kwari da ke cika ya raba shi da ita. Nan mota ke tsayawa, leburori su naɗe wando su ɗauki buhunan taki a ka. Ya ce, "In na samu wannan ai na huta da kwarin nan." Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya Baffa, kwarin za ka huta da shi. Amma mu lissafa sauran wata goman tukuna."

Motoci iri biyu ne mai irin wannan matsalar yake tsayawa a tsakaninsu. Ta farko ita ce mai iyo, wadda aka fi sani da sunan Argo, ƙirar wani kamfani da ke New Hamburg a lardin Ontario na Kanada, yana yin ta tun 1967, mai taya shida da mai taya takwas. Ta biyu ita ce 'yar motar gona mai taya huɗu da bodi a baya, direba da abokin tafiyarsa suna zaune kafaɗa da kafaɗa a cikin kejin ƙarfe, wadda dillalai ke kira UTV. A wannan gidan akwai Kawasaki Mule da ta fito tun 1988, da Polaris Ranger, da Can-Am Defender, da Honda Pioneer, da Kubota RTV mai shan dizal, da CFMOTO ta ƙasar Sin. Sabuwar kowacce daga cikin biyun tana farawa daga wajen dala dubu goma har ta haura dubu talatin, kafin kuɗin jirgi da na kwastam. Akwai wata mai iyo da ake kira Sherp, mai tayoyi kusan tsayin mutum, amma kuɗinta ya wuce dala dubu ɗari, don haka ba maganar manomi ba ce.

Mai iyo tukuna, tunda ita ke ɗaukar ido. Jikinta kwano ne na roba mai ƙarfi, rufe ta ƙasa kamar kwale-kwale, injin da sarƙoƙin da ke juya tayoyi duk suna ciki. Tayoyin masu faɗi ne, iskarsu kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa nauyinta ke bazuwa ba ta nutsewa a inda ƙafar mutum ke shiga har gwiwa. A caɓi, a ciyawar ruwa, a fadamar da ta yi wa mota ruwa ta kuma yi wa kwale-kwale ƙasa, babu wadda ta kama ƙafarta. Wannan shi ne aikinta na gaskiya, kuma wuri ne da muke da shi da yawa: bakin tafkin Dadin Kowa idan ruwa ya fara ja, da fadamun kogin Jama'are a arewacin Bauchi wajen Zaki da Itas/Gadau.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne yadda take iyon. Ba ta da farfela. Zanen tayoyin ne ke tunkuɗa ruwa, kuma gudunta a ciki bai wuce kilomita 5 a awa ba, wato tafiyar mutum a ƙafa. Wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Gongola a watan Agusta, ko ranar da aka saki ruwa daga madatsa, ya san ruwan ya fi haka sauri nesa ba kusa ba. Idan ka shiga da ita irin wannan ruwan, ba inda ka nufa za ka fita ba, inda ruwa ya ga dama zai ajiye ka. Masu ƙera ta da kansu sun ce don ruwa mai kwanciya aka yi ta. Ana iya ɗaura mata ƙaramin injin kwale-kwale a baya, wanda bai kai doki goma ba, ya ƙara mata ƙarfi, amma bakinta yana kusa da ruwa, igiya kaɗan ke isa ta zubo ciki. Nauyin da take ɗauka ma raguwa yake: mai taya takwas da ke ɗaukar mutum shida a tudu, huɗu aka yarje mata a ruwa, kuma dole a daidaita kayan kada gefe guda ya rinjaya. Fitowa ma sai gaɓa mai gangare a hankali. Gaɓar da ruwa ya zaftare ta tsaya a miƙe ba ta hawuwa sai da igiyar ja. Sannan manoman Dadin Kowa sun daɗe suna kuka da dorina. Abin da ke tafiyar ƙafa a ruwa ba abin shiga wurin dorina ba ne, kuma ba zan yarda wani nawa ya hau ba tare da rigar ruwa ba.

Na nanata wannan ne saboda tun daminar 2024, da ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, nake jin mutane na cewa da akwai irin wannan motar da an riƙa ƙetarewa. Ruwan da ya iya cinye kwalta ba zai bar kwanon roba ya ratsa shi ba. Wannan aikin masu fito ne da jirginsu.

A tudu kuma mai iyo tana biyan bashin abin da ta ci a ruwa. Yawancinsu ba su da shokozoba ko ɗaya, laushin taya ne kaɗai tsakaninka da ƙasa. A hanyar burji mai gargada, awa guda ta isa ka ji a ƙugunka. Gudunta ƙarshe kilomita 30 zuwa 40 ne a awa. Tayoyinta ba sa karkata. Idan za ka yi kwana, tayoyin gefe guda ne ke rage gudu ko su tsaya ɗaya gefen ya ci gaba, sai ta murɗa kamar katafila. A laka wannan daɗi ne da shi, tana juyawa a inda take tsaye. A busasshiyar ƙasa kuwa cin taya ne da wahalar da sarƙa, kuma idan ka juya a cikin shuka sai ta tone kunya. Cikinta shimfiɗaɗɗe ne kuma ba shi da tsayi daga ƙasa, don haka kututture ko dutse na iya ɗaga ta tayoyi su riƙa juyawa a banza. Mai gona a ƙasar duwatsu irin ta Kaltungo da Billiri ba shi da abin yi da ita.

Motar gona mai bodi kuwa, kowa da ya iya tuƙi zai hau ya ja: sitiyari, birki, totur. Kowace taya da shokozobanta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa wajen santimita 30, ana saka ta a taya huɗu idan hanya ta ɓaci. Manyan cikinsu, irin Ranger mai inji 1000, bodinsu na ɗaukar kusan kilo 450, wato buhun taki tara, suna kuma jan tirela mai sama da tan guda. Bodin yana ɗagawa ya juye kaya. Ka tuna aikin gonar rani daga Nuwamba zuwa Mayu: kai injin ban ruwa da tiyo, jarkokin mai, iri, taki, abincin leburori, sannan kwaso shanshera zuwa inda babbar mota ke iya tsayawa. Duk wannan aikin tudu ne, kuma shi ne yawancin shekara. Wasu masu shan fetur suna wuce kilomita 70 a awa. Kubota mai dizal ba ta wuce 40 ba, amma jaka ce wajen kaya.

Rauninta ruwa ne. Iyakarta shi ne ruwan da bai haura inda kake ajiye ƙafa ba. Yawancinsu da bel suke tafiya a maimakon giya irin ta mota, kuma da ruwa ya shiga gidan bel ɗin sai ya riƙa sulɓewa, inji na kuka mota na tsaye. Idan kuma ruwan ya kai inda inji ke shaƙar iska, an gama, sai sauke inji. Honda Pioneer 1000 da Kubota RTV ba su da wannan bel ɗin, abin lura ne ga wanda hanyarsa ke da ƙananan rafuka, amma su ma ba sa iyo. A baƙar laka mai danƙo tana kafewa kamar kowace mota. Ɗaya haɗarin shi ne kifewa: doguwa ce, ba ta da faɗi, kuma yaro matashi idan ya ji tana da gudu sai ya sha kwana da ita. Kejin ƙarfen nan ba ya ceton wanda bai ɗaura bel ɗin kujera ba. Kada a ɗora leburori a bodi, komai kusancin wurin.

Yanzu maganar da ta fi komai nauyi a wurina, wato wa zai gyara. Na ce wa Baffa ya ɗauka yau sarƙa ta tsinke a tsakiyar fadama, wa zai kira? Mai iyo mai taya takwas tana da gatari takwas, kowanne da boris ɗinsa da robar da ke hana ruwa shiga, ga sarƙoƙi a ƙarƙashin dandamalin da ake taka ƙafa. Sai an riƙa ɗaga dandamalin ana shafa wa sarƙa mai bayan 'yan awannin aiki, ana ɗura wa boris giris, musamman duk ranar da ta shiga ruwa. Aikin ba wuya gare shi ba, naci yake so, kuma direban haya ba kasafai yake da wannan nacin ba. Idan roba ɗaya ta mutu, ruwa ta nan zai riƙa tsattsafowa. Injinta dai ba baƙo ba ne sosai, irin su Kohler ko Briggs & Stratton ne, dangin na manyan janareta, bakanike mai basira zai gane kansa. Tayoyinta ne da kayan cikin giyarta sai an yi oda daga waje, da dala, a jira makonni. Motar gona ma ba a samun kayanta a kowane shago a Gombe ko Bauchi, amma ƙirarta ta fi kusa da abin da bakanikenmu ya saba gani. Kowacce ka saya, ka haɗo da kayan da suka fi saurin mutuwa tun ranar farko: bel biyu, matatar iska da ta mai, takalmin birki, taya ɗaya ko biyu. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri, zafin Maris da Afrilu kuma yana gwada inji, don haka mai sanyaya inji da ruwa ta fi mai dogaro da iska. Man jarka na bakin hanya kuwa, injin zamani mai fesa mai da na'ura ba ya yafe shi.

Yawancin waɗanda ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, a nan kuma ake cutar mutane. Wani abokina ya sayi motar gona a hannun wani dillali, fenti fes, kujeru sabbi. Sati uku ta yi ta tsaya. Da bakanike ya kwance, baƙin man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, cikin akwatin matatar iska kuma ga layin busasshiyar laka ya zagaye shi, shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa. An nutsar da ita ne a can, aka wanke aka turo. Har yau zancen yana min ciwo, don kuɗin shinkafar shekara guda ne ya tafi. Saboda haka ka zaro sandar gwada mai ka duba launinsa, ka buɗe akwatin iska ka sa yatsa a lungunansa, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko wayoyi sun yi tsatsa, ka karanta awannin aikin da agogonta ya nuna. Idan mai iyo ce, ka kama kowace taya ka girgiza, wadda ta yi lilo boris ɗinta ya tafi; ka ɗaga dandamali ka ga sarƙa; ka tabbatar matosan ramukan zubar da ruwa na baya suna nan, famfon kwashe ruwa yana aiki. Kada ka biya sai an saka ta a ruwa marar zurfi a gabanka ta yi minti ashirin ka ga ko cikinta ya jiƙe.

To wa ya kamata ya sayi mai iyo? Wanda wurin aikinsa fadama ce wata biyar ko shida a shekara, ruwa kwance, ba hanyar zagaye, kuma abin da yake kaiwa mutane ne da kaya marasa nauyi: mai kula da manyan tafkunan kifi, masu aikin safiyo da duba magudanan ban ruwa, ma'aikatan lafiya da ke bin ƙauyukan da caɓi ke yankewa. Shi ma zai buƙaci wata motar da tirela don kai ta bakin fadamar, tunda kwalta ba wurinta ba ne. Wanda kuwa kayansa buhuna ne, hanyarsa tudu ce mafi yawan shekara, motar gona ce tasa. Kuma in gonar ba ta da girma, hanyar ma ba ta lalace sosai ba, 'yar ƙurƙura mai taya uku za ta yi rabin wannan aikin da kuɗi kaɗan, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwa.

Da Baffa muka zauna muka ƙirga kwanakin da kwarin nan ke hana wucewa, muka samu sati shida zuwa bakwai ne, kuma a cikinsu akwai kwanakin da ruwan ke gudu sosai, waɗanda ko mai iyon ba za ta shiga ba. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Wato ranar da na fi bukatarta, ranar ce ba za ta yi ba." Na ce, "Haka ne Baffa." Yanzu yana neman mai bodi, ya fi karkata ga mai dizal saboda taraktarsa ma dizal take sha, ya kuma yi magana da wani mai kwale-kwale a ƙauyen da zai riƙa yi masa fito a watan Agusta da Satumba. Takin damina kuwa ya ce tun watan Yuni za a kai shi can ƙetare a ajiye a rumbu, kafin kwarin ya kawo.