Tanti uku da jakar barci tara: yadda kayan haya suka yi mana a Yankari cikin hunturu

Mu tara ne, duk 'yan majalisar hira ɗaya a cikin garin Bauchi. Shekara uku ana cewa za a je Yankari a kwana a fili ba a ɗaki ba, kullum maganar a bakin shayi take mutuwa. Bana aka ce tunda ni na fi kowa zaƙewa, to in ɗauki ragamar. Muka tsayar da makon ƙarshe na Disamba, kwana biyu. Mun zaɓi lokacin ne saboda ciyawa ta bushe, namun daji kuma suna gangarowa bakin kogin Gaji neman ruwa, an fi ganinsu. Sai dai lokacin shi ne tsakiyar hunturu, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa kwana a tanti in ba a Mina ba, su ma mutum biyu ne.

Sayen kaya sabbi don kwana biyu asara ce, don haka aka kwatanta mana wani Alhaji mai ba da hayar kayan zango. Ya ba mu tanti uku, jakar barci tara (bargo ne ɗinkakke mai zif, mutum ya shige ciki kamar an zuba shi a buhu), katifar hurawa shida, shimfiɗar roba uku saboda katifun sun ƙare, ƙaramar tukunyar gas da fitilu biyu masu caji. Mun biya kuɗin haya da na ajiya. Mutumin yana da kirki, sai da ya kafa tanti ɗaya a ƙofar shagonsa ya nuna mana yadda sandunan ke shiga juna. Da na tambaye shi ko jakunkunan za su riƙe sanyin daji, sai ya nuna min lambar da aka buga ɓaro-ɓaro a jikin buhunsu, -5, wato digiri biyar ƙasa da sifili, ya ce, "Malam, wannan ko a Jos ka kwana da ita sai ka yi gumi."

Mun bi hanyar Gombe, muka karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan akwai sauran fiye da kilomita 40 a cikin dajin kafin sansanin Wikki. Wanda zai je ya lissafa wannan a cikin lokacinsa, domin mu sai bayan la'asar muka isa, muka yi ta kafa tanti rana tana faɗuwa.

Tantunan ba su ba mu kunya ba. Riɓi biyu ne, na ciki mai raga, na waje mai kare iska, kuma na wajen ya tare mana ƙura sosai. Zif ɗinsu lafiya lau. Amma rubutun "na mutum huɗu" kada ya ruɗi kowa: huɗu ne idan an jera su kafaɗa da kafaɗa babu ko jakar hannu. Mu uku-uku muka shiga, da kayanmu, kuma daidai ya yi. Abin da ya wahalar da mu shi ne turakun. Sirara ne kamar waya, ƙasar rani kuwa ta ƙeƙashe, kana bugawa suna lanƙwashewa. Da ba don direbanmu yana da guduma da 'yan guntayen rodi a mota ba, da duwatsu za mu ɗaure igiyoyin.

Wajen rabon shimfiɗa aka bi girma. Mu manya shida muka ɗauke katifun hurawa, ƙanena da abokansa biyu aka tura musu shimfiɗar roba, wadda kaurinta bai fi yatsa ba. Har da yi musu dariya.

Ƙarfe biyun dare na farka ina kaɗuwa. Ƙirjina da cikina da ɗumi, amma bayana kamar na kwanta a kan sumunti da aka yi wa wanka. Na juya gefe, gefen ya ɗauka. Na ji yayana a kusa da ni yana ta mutsu-mutsu, ya ce, "Kai ma ba ka yi barci ba ko?" Daga tantin yaran kuwa ba abin da ke tashi sai munshari. Da asuba wayar ɗaya daga cikinmu ta nuna digiri 12, amma jikina ya rantse sanyin ya fi haka. Alwala da ruwan jarka ranar sai da aka yi ta maza.

Wani dattijo ma'aikacin wurin ne ya warware mana da ya zo ya tarar da mu mun kewaye tukunyar shayi. Ya leƙa tantinmu, ya danna katifar da ƙafa, ya ce, "'Ya'yana, ai sanyin daji ta ƙasa yake shiga mutum. Kun kwanta a kan iska kuna neman ɗumi?" Gaskiyarsa. Jakar barci ba ta kawo zafi, ɗumin jikinka take tsarewa a cikin audugarta. To ɓangaren da ka danne da nauyinka ya riga ya lotse, babu abin da zai tsare. Iskar da ke cikin katifar kuma tana ɗaukar sanyin ƙasa tana kewayawa da shi, kai kana ɗumama ta tana miƙa wa ƙasa, har gari ya waye. Ita kuwa shimfiɗar roba, iskar cikinta a kulle take cikin ƙananan ƙofofi, ba ta motsi. Abin da muka raina shi ya fi komai amfani a cikin kayan.

Sai kuma maganar -5. Da rana ta fito na juya jakata don ta sha iska, na ga wata 'yar takarda ɗinke daga ciki mai lamba uku: 15, 10 da -5. Masu yin waɗannan jakunkuna haka suke auna su. Ta farko ita ce sanyin da mutum zai yi barci a sake, ta biyu iyakar da namiji zai iya barci a ƙudundune, ta ukun kuwa ta tsira da rai ce kawai, ta 'yan awoyi, mutum yana rawar ɗari. Wato tamu ta digiri 15 ce, aka tallata ta da lambar ƙarshe. Ban ɗauka Alhaji ya yi niyyar yaudara ba, ina ganin shi ma babbar lambar ya karanta. Amma duk mai karɓar jakar barci, haya ko saye, ko a gwanjo ne, ya zuge zif ya nemo 'yar takardar nan.

Abin da ya dawo mana da rai shi ne maɓulɓular ruwan ɗumi ta Wikki. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Da sassafe tururi yake yi. Muka gangara matakala muka faɗa ciki, yayana ya ce shi a nan zai ƙarasa hutunsa. Fitowar ce aiki, iska tana bugunka fata ta yi fari fat. Man kaɗanya da wata daga cikin iyalanmu ta cusa mana a kaya ya yi rana, leɓe da dunduniya duk shi suka sha.

Dare na biyu muka sauya tsari. Barguna da muka zo da su daga gida, waɗanda jiya muka lulluɓa a sama, yau muka ninka su a kan katifa muka kwanta a kai. Biyu daga cikinmu suka sace iskar tasu gaba ɗaya suka shimfiɗa kwali da dardumar salla. Kowa ya sa hular sanyi da safa busasshiya, aka cire rigar da aka yini da ita don akwai gumi a jikinta. Na cika gorar ƙarfe da ruwan zafi, na naɗe ta a riga na tura wajen ƙafa. Sai kiran asuba na ji. Wani abokinmu ya so shigo da kaskon gawayi cikin tanti, a nan kam na murtuke fuska. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum yana barci take ɗauke shi, balle kuma yadin tanti da ke narkewa da ƙyallin wuta. Ko tukunyar gas ɗin a waje muka bar ta. Ita ma ta yi ƙoƙari, ta dafa mana shayi da taliya kwana biyu, sai dai ga mutum tara ta yi kaɗan, layi ake bi. Fitilun kuma ɗaya ta kai gari, ɗayar ta mutu tun daren farko.

Gwaggon birin Wikki ba ya jin kunyar kowa. Safiyar tafiyarmu ƙanena ya bar burodi a tanti ya ja zif, a zatonsa ya kulle ƙofa. Muna tsaye wani ƙato ya zo ya yage ragar, ya suri ledar ya koma gefe yana ci yana kallonmu. Laifinmu ne, an gaya mana tun zuwa cewa abinci a mota ake kulle shi.

Da na mayar da kayan na nuna wa Alhaji yagewar da kaina. Ya cire kuɗin ɗinki kaɗan ya miƙo min sauran ajiyar nan take, babu ja-in-ja, turakun da suka lanƙwashe ma ya ce a bar su. Zan sake karɓar tantunansa, jakunkunan ma zan karɓa in dai da bargona, amma katifar hurawa sai dai lokacin bazara. Na ciro masa 'yar takardar cikin jakar na nuna masa lambobin uku. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira yaron shagonsa ya ce ya kwance sauran jakunkunan duka a duba nasu.