Jagoran da ya kai mu fadar matan yaƙin Dahome

Mun ɗauki mota da jagora daga wani kamfanin yawon buɗe ido a Kwatano, a Jamhuriyar Benin, domin ziyarar wuni guda zuwa Abome, tsohon babban birnin daular Dahome, kuma abin da ya kai ni shi ne tarihin rundunar matan da 'yan ƙabilar Fon ke kira Agoji ko Mino. Motar tana da tsabta da sanyi, direban kuma mai natsuwa ne, amma an cinye mana safiya a gindin gunkin jarumar matan yaƙin Dahome mai tsawon mita 30 da aka buɗe a Kwatano a 2022, ana ta ɗaukar hoto, har muka isa Abome rana ta take.

Da muka shiga fadojin Sarki Gezo da ɗansa Gilele, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1985, sai na manta da ɓacin ran safiya. Jagoran ya tsaya da mu gaban zanen laka da ke jikin bango, ya bayyana mana cewa matan nan runduna ce mai shugabanninta mata, an kasa ta zuwa maharba giwa da 'yan bindiga da 'yan baka da masu dogayen asake. A cikin fada suke zaune a matsayin matan sarki, kuma idan sun fito, yarinya ce ke wucewa gaba tana kaɗa ƙararrawa domin maza su kauce daga hanya. Ya ɗaga hannu ya kwaikwayi kaɗa ƙararrawar, wani dattijo a cikinmu kuwa ya ja da baya bai sani ba.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idona shi ne bai yi wa tarihin kwaskwarima ba. Ya ba mu labarin Se-Dong-Hong-Be, wadda ta jagoranci mata a harin da Gezo ya kai wa Abekuta a 1851, sannan ya faɗa ƙarara cewa Egbawa, mutanen Abekuta, sun kore su, kuma yawancin yaƙoƙin wancan zamani na kamun bayi ne da ake sayarwa a Wida, garin da ke bakin teku. Da ya zo kan yaƙi da Faransa a 1890 da 1892, lokacin Sarki Behanzin, muryarsa ta yi ƙasa yayin da yake kwatanta yadda matan suka riƙa kutsawa cikin ruwan harsashi har rundunar ta kusa ƙarewa, kafin sarkin ya cinna wa birnin wuta ya ja arewa. Na tambaye shi ko ya san Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899, ya amsa cewa ya sani, ya kuma nemi in ƙara masa bayani.

Ƙorafina na biyu shi ne ba a tanadi lokacin sallar azahar ba, sai da muka roƙa. Duk da haka zan sake ɗaukar su, kuma shawarata ga mai niyya ita ce ya sa sharaɗin tashi da asuba, ya bar gunkin Kwatano sai an dawo da yamma, ya kuma tabbatar tun wurin biyan kuɗi cewa jagoransa yana jin Turanci idan shi ba ya jin Faransanci.