Gwajin DNA na Embark da na yi wa karnukana, ga yadda na gan shi

Masu kiwon manyan karnuka na gadi irin su Rottweiler da German Shepherd, wannan naku ne. Embark kamfani ne na Amurka da ke aiki tare da makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Cornell, kuma abin da suke sayarwa kayan gwajin DNA ne na gano ciwukan gado a jikin kare, ɗan kwali da tsinke mai kan soso a ciki. Ka goga shi a cikin kumatun karen ya jiƙe da yawu sosai, ka mayar cikin 'yar kwalbarsa ka rufe, ka yi rajistar lambar kayan gwajin a intanet, sai ka tura musu, bayan 'yan makonni sakamako ya fito a waya. Kar dai ka yi masa yana gama cin abinci.

Ni abin da ya kai ni ciwon jijiya ne na gado da ake kira JLPP, wanda ke kama 'yan kwikwiyon Rottweiler tun suna wajen wata 3. Numfashi ne ke fara canzawa, ka ji yana wani irin gurnani daga maƙogwaro, haushinsa ya dishe, daga baya ƙafafun baya su fara rawa yana tafiya yana tangaɗi, kuma babu magani wallahi, yawancinsu ba sa kai shekara. Abin takaicin shi ne uwa da uba lafiyarsu ƙalau, kowa na ɗauke da ƙwayar halittar ciwon guda ɗaya a ɓoye, in aka haɗa su barbara kowane ɗan da za a haifa yana da hatsarin 1 cikin 4. Macen tawa ta fito tana ɗauke da ita, namijin ya fito fes, toh kaga haɗa su ba matsala, amma ba zan taɓa kai ta wajen wani namiji da ba a gwada ba.

Masu German Shepherd da Boxer kuma su duba layin DM a sakamakon, wato ciwon lakar baya da aka gano alaƙarsa da ƙwayar halittar SOD1 a 2009. Shi sai kare ya manyanta, shekara 8 zuwa sama, za ka ga yana jan ƙafar baya har faratan suna cinyewa a siminti. Amma fa a gane, karen da ya gaji ƙwayar ta ɓangare biyu ba dole ne ya kamu ba, hatsari ne kawai ya hau, don haka kar wani ya ga sakamako ya yar da karensa dan Allah, a kai wa likitan dabbobi ya duba.

Kuɗi kam akwai, ya haura dala 100, ga kuɗin aikawa daga nan, ni sai da na jira ɗan'uwa mai zuwa ya taho min da shi. Sakamakon kuma duk da Turanci yake, sai an zauna an bi a hankali. Duk da haka in kana haɗa karnuka kana sayar wa mutane 'ya'yan, ya cancanci kuɗinsa. Mai saye kuma ya tambayi takardar gwajin iyayen kafin ya biya.