Jirgin gwangwani daga Ƙofar Ruwa

Shekara 11 ina koyar da tarihi, kuma duk sanda muka kai kan Yaƙin Duniya na Biyu sai hankalin ɗalibai ya koma taga. Shi ya sa bana na je Ƙofar Ruwa wajen wani matashi mai ƙera motoci da jiragen wasa da ragowar kwanon rufi da gwangwanin madara.

Na nuna masa hoton Devastator a waya, irin jirgin saman yaƙin da sojan Amurka George Gay ya tuƙa ranar 4 ga Yuni, 1942, a gumurzun Midway da aka yi tsakanin Amurka da Japan a teku. Jirage 15 suka tashi daga kan Hornet, jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen sama, mutum 30 a ciki, suka tunkari rundunar Japan ba jiragen rakiya. Aka kakkaɓo su duka, Gay kaɗai ya tsira. Ya ɓoye kansa ƙarƙashin matashin kujerar jirgin yana yawo a teku, a cewarsa yana hango jiragen ruwan Japan suna ci da wuta. Sai washegari aka tsamo shi.

Yaron ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, ba ni mako guda." Mako biyu ya yi, ban ji daɗin wannan ba. Amma aikin ya yi kyau. Farfela tana juyawa, fukafukan suna naɗewa sama kamar na gaske, ya dannne bakin kwanon ko'ina don kada ya yanki yara.

Gyara biyu na sa shi. Bai saka ƙugiyar wutsiya ba, ya zaci zane ne ya ɓaci a hoton. Da na gaya masa ita ce ke kama wayar ƙarfen da aka gitta a doron jirgin ruwa lokacin sauka, in ta kuskure matuƙi na iya faɗawa teku, nan take ya lanƙwasa sifok ɗin keke ya liƙa. Sannan ya ɗiga jan fenti a tsakiyar tauraron da ke jikin jirgin, wato alamar sojan Amurka, alhali tun watan Mayun 1942 Amurkawa suka goge shi, gudun a ɗauke shi jar alamar Japan. Ya shafe bai ƙara min ko sisi ba.

Naira 18,000 na biya. Ranar da na kai shi aji, an buga ƙararrawar tashi wata yarinya tana tambayata ko Gay ya san sunayen sauran 29 ɗin. Mai son irinsa ya bar fentin ya sha iska kwana biyu, don warinsa na hawa kai.